Maƙoƙo iri ɗaya, magani daban: me awon TSH yake faɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanwata mai shekara 27 wuyanta ya kumbura tun bayan damina. Tana cin abinci sosai amma sai ramewa take yi, zuciyarta na bugawa da sauri, hannunta na rawa, ko da hunturu ba ta rufa da dare. An yi mata awon jini, takarda ta nuna TSH ƙasa da 0.01, T4 kuma ya hau. Maƙwabciyarmu ma tana da maƙoƙo, ita an ce ta riƙa amfani da gishiri mai aidin. Mu kuwa likita ya ce ba gishiri ba ne matsalar, homon ne. Mene ne homon ɗin nan? Kuma tunda TSH ya yi ƙasa, ba ƙara mata shi ya kamata a yi ba? Daga wata mai karatu a unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba ƙanwarki lafiya. Likitanta ya faɗi gaskiya, kuma dalilin yana cikin takardar da ke hannunki.

Homon ɗan aike ne. Wata gaɓa ce ke haɗa shi, ta zuba shi cikin jini, jini ya kai shi ko'ina, tun daga ƙwaƙwalwa har tafin ƙafa. Amma ba kowane sashe ke amsa masa ba. Kamar sanƙira ne ya zaga gari da shela: kowa ya ji muryarsa, amma wanda saƙon ya shafa kaɗai ke tashi. Sashen da ke da mazaunin da ya dace da wannan homon shi ke karɓar umarni. Da haka insulin ke riƙe sukarin mai lafiya tsakanin giram 0.70 da 1.10 a litar jini kafin karin kumallo, firolaktin ke sa nono ya kawo ruwa, oksitosin ke matse mahaifa lokacin naƙuda. Saƙon jijiya kamar walƙiya yake. Na homon a hankali yake tafiya, wani cikin mintoci, wani cikin kwanaki, amma in ya isa yana daɗewa.

Gaɓar da ta kumbura a wuyan ƙanwarki sunanta tiroyid. Tana gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, siffarta kamar malam-buɗe-littafi, nauyinta a babba mai lafiya giram 15 zuwa 25. Homon biyu take yi, T4 da T3, kuma lambobin nan adadin ƙwayoyin aidin ne da ke jikin kowanne. Aikinsu shi ne daidaita ƙarfin wutar jiki: saurin bugun zuciya, yawan zafin da jiki ke fitarwa, saurin ƙone abinci, tafiyar hanji, har da zuwan al'ada.

Tiroyid ba ta cin gashin kanta. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar gaɓa da ba ta wuce ƙwayar wake ba, fitutari, wadda likitocinmu da suka yi karatu da Faransanci ke kira ipofiz. Ki ɗauke ta a matsayin uwargida, tiroyid kuma yarinyar da ke iza wuta a murhu. TSH, homon da fitutari ke haɗawa, muryar uwargida ce tana cewa a ƙara itace. Kullum tana duba yawan T4 da T3 a jini. In wuta ta yi sanyi sai ta ɗaga murya, TSH ya hau. In wuta ta yi yawa sai ta yi shiru, TSH ya sauka. Shi ya sa awon nan a juye ake karanta shi. A yawancin ɗakunan awo, TSH na mai lafiya yana tsakanin 0.4 da 4. Wanda nasa ya kai 20, tiroyid ɗinsa ce ta gaza. Na ƙanwarki da ya yi ƙasa da 0.01 yana nufin uwargida ta rufe bakinta gum, amma duk da haka wuta sai ci take yi. Ba abin da ta rasa da za a ƙara mata. Wutar ce za a rage.

Wannan tsari na "in ya yi yawa a yi shiru" ba a wuya kaɗai yake ba, kuma akwai inda yake cutar da matanmu ba su sani ba. Mai shan deksametazon don ta yi ƙiba, ko mai shafa man bilicin mai ƙarfi wata da watanni, tana cika jininta da abin da ya yi kama da kotizol, homon da wasu gaɓoɓi da ke kan ƙoda ke haɗawa. Fitutari ta ga ya wadata, ta daina kiran gaɓoɓin da ke kan ƙoda, su kuma su kwanta barci. Ranar da ta daina sha farat ɗaya, jiki ba shi da nasa, sai kasala da amai da faɗuwar jini, har ya kai ga rasa rai. Irin wannan magani a hankali ake janye shi, a hannun likita.

Mu dawo kan maƙwabciyarku. In maƙoƙonta na ƙarancin aidin ne, ita itace ne ya yi mata kaɗan. Tiroyid ba ta da abin haɗa homon, fitutari na ta matsa mata, ita kuma ta yi ta girma don ta tsinci ɗan abin da ke cikin jini. Sau da yawa girman nan yakan cike giɓin, har a auna TSH a same shi daidai. Babba yana buƙatar maikirogiram 150 na aidin a rana, mai ciki da mai shayarwa 250. Ƙasarmu nesa take da teku, kuma gero, wanda shi ne tuwonmu da furarmu, yana ɗauke da wasu sinadarai da ke rage wa tiroyid ƙarfi idan dama aidin ya yi ƙaranci. Rogon da bai jiƙu ya bushe sosai ba ma haka. Wannan ba dalilin barin fura ba ne, dalilin gyara gishiri ne. Kantun Bilma ba a ƙara masa aidin. Shi ma gishiri mai aidin, in ya wuni a buɗe cikin tire a rana, ko ya sha danshin damina, ƙarfinsa raguwa yake yi. A sayi na cikin leda a rufe, a zuba a gwangwani mai murfi, a ajiye nesa da murhu. Na fi damuwa da masu ciki a kan wannan, domin homon ɗin uwa ne ke gina ƙwaƙwalwar ɗan tayi a watannin farko, kuma abin da aka rasa a lokacin ba ya dawowa. Tsohon maƙoƙo da ya yi shekaru kuwa ba kasafai gishiri ke mayar da shi ba.

Ƙanwarki labarinta daban. A mace mai shekarunta da waɗannan alamu, abin da ya fi yawa shi ne ciwon da Ingilishi ke kira Graves, takardun asibitocinmu kuma suke rubuta Basedow. Garkuwar jiki ce ke kuskure, ta haɗa wani sinadari da ke kwaikwayon muryar uwargida. Ya zauna a mazaunin TSH yana ta cewa a ƙara itace, dare da rana, kuma shi ba ya duba tukunya balle ya yi shiru. Wasu idanunsu kan fito ko su riƙa yi musu yaji. Akwai wasu dalilan: ƙulli guda a cikin tiroyid da ke aikin gaban kansa, ko kumburin da kan biyo bayan haihuwa, wanda yakan wuce da kansa. Hoton eko na wuya da awon wancan sinadari na garkuwar jiki su ke rarrabewa, kuma in ta haihu cikin shekarar nan lallai a gaya wa likita.

Gishirin miya na yau da kullum ba zai cutar da ita ba. Amma kada a ba ta ƙwayar ƙarin aidin ko jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba, wannan ƙara itace ne a gobara. Kada kuma a kai ta wurin wanzami a yi mata tsaga ko ƙaho a wuya. Wurin cike yake da jijiyoyin jini, kuma ba mugun jini ba ne ya taru.

Maganin da aka fi farawa da shi karbimazol ne. Yana hana haɗa sabon homon, amma ba ya taɓa wanda aka riga aka tara. Tiroyid tana da rumbun da zai kai wata biyu zuwa uku, kuma T4 da ke cikin jini sai ya yi kusan kwana 7 kafin rabinsa ya ƙare. Saboda haka kada ku ce magani bai yi ba don mako guda ya wuce ba canji. Sauƙi yakan fara bayan mako biyu zuwa huɗu, a sake awo bayan mako 4 zuwa 6. A awon farko bayan fara magani T4 ake dubawa, domin TSH kan yi watanni bai farfaɗo ba. Kafin nan likita kan ba da furofuranolol don ya lafar da bugun zuciya da rawar hannu, sai dai ba a ba mai asma. Ana shan karbimazol wata 12 zuwa 18, kuma kusan rabin masu sha ciwon kan dawo musu bayan an tsayar, a nan ne ake maganar fiɗa ko aidin mai haske, wato wani aidin na musamman da ake sha a asibiti don ya kashe wa tiroyid ƙarfi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne daina sha a wata na uku saboda jiki ya murmure, ko don kuɗin magani ya yi nauyi. In kuɗi ne matsalar, a faɗa wa likita tun da wuri.

Abu uku nake so ki riƙe da hannu biyu. In ta yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ko gyambon baki tana cikin shan karbimazol, kada a ce ai zazzaɓin cizon sauro ne a wuce kantin magani. Ta tsayar da ƙwayar, a je a ƙirga fararen ƙwayoyin jininta a ranar, domin maganin kan kashe su a wasu mutane ƙalilan, galibi cikin wata uku na farko. Haka in idonta ya yi rawaya kamar mai shawara. Na biyu, in tana da aure, a yi maganar tazarar haihuwa da likita yanzu, don karbimazol kan yi wa ɗan tayi lahani a wata uku na farko, kuma akwai wani maganin, PTU, da ake sauya mata kafin ciki ko da zarar al'ada ta ɗauke. Na uku, in zafin jiki ya yi tsanani, zuciya na gudu ba tsari, ga amai ko gudawa, ta fara sambatu, to wutar ce ta ƙwace gaba ɗaya. Wannan ba na jiran gari ya waye ba ne. A ɗauke ta zuwa babban asibiti nan take, tare da takardar awon da kwalin maganin da take sha.