Tambaya da Amsa: Tsofaffin Kwamfutoci, Wanne Ne Kaya, Wanne Ne Gwangwan?

A wannan fitowa mun tattaro wasiƙun da suka shafi tsofaffin kwamfutoci, yawancinsu daga ƙauyukan Kano da Jigawa. Mun taƙaita tambayoyin don amsoshin su samu wuri.

Ina sana'ar gwangwan a wani ƙauye kusa da Wudil. Wani yarona ya ce yanzu Turawa suna sayen tsofaffin kwamfutoci da tsada, in daina fasa su ina sayarwa a kilo. Gaskiya ne, ko zancen yara ne?

Alhaji, yaronka ya yi gaskiya, amma rabinta ya faɗa maka. Farashin wasu kayan ya tashi ƙwarai, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: an daina ƙera su, waɗanda suka rage kullum raguwa suke. Wasu batir ya cinye, wasu ruwa ya ɓata, da yawa kuma sun ƙare a hannun masu fasawa don neman zinare da tagulla. Masu nema kuwa ƙaruwa suke, domin waɗanda suka yi ƙuruciya da waɗannan na'urori a shekarun 1980 da 1990 yanzu sun girma, suna da abin hannu, suna son sake ganin abin da suka taso da shi. Zaman gida na lokacin korona a 2020 ya ƙara wa harkar mutane. A nan gida akwai ƙari: tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, don haka duk abin da ake yi wa kuɗi da dala ya ninka a lissafinmu ko da can bai motsa ba.

Rabin da bai faɗa maka ba shi ne yawancin abin da ke zuwa hannunka ba ya cikin wannan sahu. Kwamfutocin ofis masu Pentium 4, irin tokumbon da suka cika shagunan buga takardu da gidajen intanet bayan shekarar 2000, an ƙera su miliyoyi, har yanzu suna ko'ina. Labarin da ake yaɗawa na Apple-1 da aka sayar dala 905,000 a gwanjo a 2014 gaskiya ne, amma wannan na'ura ce ta 1976 da aka yi kusan guda 200 kacal. Kada ka gina lissafinka a kanta.

Abin da za ka yi shi ne ka buɗe kowane akwati kafin guduma ta taɓa shi, ka duba katunan da ke soke a jikin babban allo, wato faifan da duk kayan cikin kwamfuta ke jone da shi. Duk katin hoto da ka ga an rubuta 3dfx ko Voodoo a kan baƙin guntun da ke tsakiyarsa, ware shi. Kamfanin 3dfx ya fara fitar da su a 1996, ya durƙushe a ƙarshen 2000 Nvidia ta saye kadarorinsa, kuma akwai wasannin wancan zamani da ba sa fita da kyau sai da su, shi ya sa ake rububinsu. Haka katin sauti na Sound Blaster, musamman mai shiga dogon baƙin ramin nan da ake kira ISA, da wanda ke ɗauke da guntun Yamaha mai lamba YMF262. Babban allo na 386 ko 486 ko Pentium na farko wanda batir bai ci ba, shi ma kaya ne. Furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) mai jikin tangaran, irin 486 da Pentium Pro, idan ƙafafunsa a miƙe suke, ya fi daraja a raye. Sai kibod ɗin IBM mai nauyi da ake kira Model M, wanda ke ƙara kas-kas idan ana bugawa. Juya bayansa za ka ga takarda mai ɗauke da ranar da aka ƙera shi, kada a ɓare ta. Idan kuma Allah ya kawo maka kwamfutocin Commodore 64 ko Amiga, kada ka raba su da wayoyinsu da akwatin wutarsu.

Wajen cire kati, a kwance sukurun da ke riƙe da shi, a ja shi sama a miƙe, a riƙe shi ta gefe. Fizgar da yara ke yi ita ke tsinke ƙananan kayan da ke bayan katin, kuma katin da ya rasa ko ɗaya daga cikinsu ya koma kilo.

Ni malamin firamare ne a yankin Ringim. Kawuna ya bar min wata kwamfuta da ta shekara fiye da 15 a rufe a ɗaki. Ina so in jona ta da janareta in ga ko tana aiki.

Malam, don Allah dakata. Da yawa daga cikin tsofaffin kwamfutocin da suka mutu, a ranar da aka sake kunna su suka mutu.

Fara da bayan akwatin. Kusa da inda wayar wuta ke shiga akwai wani ƙaramin jan makunni a yawancin tsofaffin fawa-fak (akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta), ɓangare ɗaya bolt 115, ɗayan 230. Wutarmu 230 ce. Na'urar da aka shigo da ita daga Amurka tana iya kasancewa a kan 115, kuma idan ka jona ta haka za ka ji ƙara ɗaya da hayaƙi, shi ke nan.

Sannan ka buɗe akwatin ka duba da tocila. A ɗakunan ƙauye abin da ake tararwa ya wuce ƙura: sheƙar ɓera, kashin kyankyaso, gidan zanzaro a cikin fanka. Fitsarin ɓera yana cin layukan tagulla, lakar zanzaro kuma tana hana fanka juyawa. A share da busasshen burushin fenti mai laushi, a hura da abin hura iska na hannu. Idan za a yi amfani da iska mai ƙarfi irin ta masu faci, a danne fankar da yatsa, kuma a tabbata babu ruwa a cikin iskar.

Fawa-fak ake fara gwadawa, shi kaɗai, bayan an zare duk wayoyinsa daga allo. Idan irin ATX ne mai babban fulogi ɗaya, a haɗa koriyar waya da kowace baƙa da guntun waya, a jona masa wani abu da zai ja wuta, kamar tsohon faifan ajiya da ba a damu da shi ba. A sa mita: jar waya ta ba da tsakanin bolt 4.75 da 5.25, rawaya tsakanin 11.4 da 12.6. Abin da ya fita daga nan, kada a kusantar da shi allo. Idan irin AT ne, wanda ya girme shi, fulogi biyu ne masu kama da juna, P8 da P9, kuma ƙa'idarsu ita ce baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya. Juya su yana ƙona allo nan take. Wani tarko kuma: wasu kwamfutocin Dell na ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 fulogin su kamar ATX yake a ido amma jerin wayoyin daban ne, don haka ba a sa musu fawa-fak na kasuwa sai an tabbatar. Kada kuma ka buɗe cikin fawa-fak da kanka. Manyan kafasitocinsa suna riƙe wuta fiye da bolt 300 bayan an kashe.

Ƙaramin janareta mai hawa da sauka bai dace da wannan gwaji ba. Ka nemi inbata mai tsabtatacciyar wuta, ko aƙalla ka sa sitabilaiza a tsakani, ka ƙiyasta wat 250 idan da tsohuwar monita. Kunnawar farko a bar furosesa da fankarsa da ram ɗaya (siririn katin ƙwaƙwalwar wucin gadi) da katin hoto kawai. Idan ta yi shiru babu hoto, cire ram ɗin ka sake kunnawa: idan ta yi ta ƙara bib-bib, alama ce mai kyau, allo da furosesa suna raye. Goge bakin ram ɗin da robar goge fensir ka mayar, sau da yawa matsalar ke nan.

Ina gyaran rediyo da talabijin a kasuwar ƙauye ta wajen Gumel. An kawo min allon 486, kusa da batir duk ya yi kore-kore da fari. Wani allon kuma na Pentium 4 kafasitocinsa sun kumbura. Suna gyaruwa?

Maigida, hannun da ya iya rediyo zai iya wannan, sai dai ciwon biyu daban-daban ne.

Na 486 ɗin batir ne mai kama da ƙaramar ganga, bolt 3.6, wanda aka liƙa da dalma. Idan ya tsufa yana zubo da ruwa mai kaifi irin na soda, ba asid ba, shi ya sa ake kashe shi da abu mai tsami. Yanke batirin da filaya tukuna. Ɗiga farin ruwan khal a wurin, za ka ga yana kumfa. Bar shi minti biyu zuwa uku, ka goge da tsohon burushin haƙori, ka maimaita har kumfar ta tsaya. Wanke da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, amma ka tabbata ruwan ne aka ba ka ba asid ba. Bi shi da sifirit, ka jingine allon a inuwa kwana biyu. Bayan nan aikin mita ne: bi kowane layin tagulla da ya canza launi ka ga ko ya yanke. Waɗanda suka fi mutuwa su ne masu zuwa ramin kibod, domin yana maƙwabtaka da batirin. Wanda ya yanke a kankare koren fentin gefe biyu a haɗa da siririyar waya. Idan ruwan batirin ya shiga ƙarƙashin soket, sai an cire soket ɗin, in ba haka ba cin zai ci gaba a ɓoye.

Kada ka liƙa batirin CR2032, mai kama da kwabo, kai tsaye a gurbin tsohon. Allon yana cajin batirin da ke wurin, wannan kuwa ba a cajinsa, sai an sa dayod a tsakani. Hanyar da muka fi so ita ce a nemi ƙafafu huɗu da yawancin waɗannan alluna ke da su don batirin waje, a jona batir AA uku da doguwar waya, a ajiye su nesa da allon. Idan ba ka ga batir ko ɗaya ba sai wani baƙin akwati da aka rubuta Dallas DS1287 ko DS12887, batirin yana cikinsa. Ba ya zuba, amma idan ya ƙare na'urar ba ta riƙe saiti.

Na Pentium 4 ɗin kuwa sanannen ciwo ne na kayan da aka ƙera tsakanin 1999 da wajen 2007, lokacin da kafasitoci masu gurɓataccen ruwa suka cika kasuwa. Kada ka canza masu kumburi kawai. Duk 'yan jerin da ke da suna da lamba ɗaya tafiyarsu ɗaya. Sabon ya zama daidai a µF, bolt ɗinsa daidai ko sama, mai jure zafin digiri 105, kuma irin da aka rubuta low ESR. Na gyaran rediyo na yau da kullum zai yi aiki na ɗan lokaci ya sake kumbura. Allon yana da hawa-hawa na tagulla a ciki masu shanye zafi, don haka ayan mai wat 30 ba zai narka dalmar ba, nemi mai 60, ka ƙara sabuwar dalma kafin ka ja. Ɗauki hoton allon kafin ka cire komai, domin wasu kamfanoni suna juya alamar ƙafar da ke nuna ɓangaren wuta. Sai dai ka yi lissafi da mai kayan tun farko, don kuɗin kafasitoci goma masu kyau yana iya fin darajar allon.

Kwamfutar tana tashi amma faifan ajiyarta yana ƙara ƙwas-ƙwas, fulofi ma ba ya karantawa. (Daga Kazaure)

Ɗan'uwa, faifan da ke wannan ƙara yana bakin mutuwa, kwashe abin da ke ciki yau idan yana buɗewa. A madadinsa ana sa ƙaramin katin ajiya da ake kira CF da ɗan adafta mai shiga wayar IDE mai ƙafa 40. Kula da girma: yawancin 486 ba sa ganin fiye da 504MB, na bayansu da yawa suna tsayawa a 8.4GB. Fulofi kuwa Sony ta daina yin faifansa a 2011. Goge kan da ke karanta faifan a cikin na'urar fulofin da auduga da sifirit. Idan ya ƙi, akwai Gotek, wadda ke zama a gurbinsa tana karanta filashi.

Maigidana ya rasu ya bar kwamfutoci uku da monita biyu masu ƙeya. Magada sun ce a sayar, wani ya taya duka a kilo. Ina tsoron a cuci marayu. (Daga yankin Birnin Kudu)

Hajiya, Allah ya jiƙansa, ya albarkaci abin da ya bari. Tsoronki yana kan hanya, kuma babu gaggawa. A sa wani mai gyara da kika amince da shi ya buɗe su a gabanku, ya ɗauki hoton kowane allo da kati inda lambobin suka fito sosai. Da lambar ake neman farashi a eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, kuma a duba abin da aka riga aka sayar, ba abin da mai kaya ya yi wa kuɗi ba, domin kowa yana iya rubuta abin da ya ga dama. Daga wannan a cire kuɗin aikawa da na dillali. Kayan da aka gwada aka nuna hotonsa yana aiki ya fi wanda ba a gwada ba nesa ba kusa ba. Ƙananan katuna su ne ke biyan kuɗin aikawa waje. Monita mai ƙeya nauyinta da saurin fashewarta sun sa sai dai a nema mata mai saye a Kano. Kada kowa ya buɗe bayanta, tana iya riƙe wuta ta dubban bolt ko a kashe take.

Kafin a samu mai saye, tun yau a cire kowane batir daga allunan. A ɗora kayan a kan katako ko benci, kada su taɓa ƙasa ko bangon laka saboda gara da danshin damina, kuma kada a sa su dab da rufin kwano inda zafin bazara ke busar da kafasita yana gasa roba. A rufe da zanen auduga, ba leda ba, don leda tana tara gumi. Katunan da aka cire a naɗe kowanne a takarda a sa a kwali. Lokacin hunturu, da jiki ke tara wutar da ke tartsatsi idan an taɓa ƙarfe, duk mai ɗaukar kati ya fara taɓa ƙarfen akwatin.

Idan wani ya ba da shawarar a ƙona allunan ko a jiƙa su a asid don a fitar da zinare, ki hana. Zinaren da ke ciki ɗan kaɗan ne, dalmar da ke jikinsu kuwa tana da yawa, kuma hayaƙinta da ƙurarta yara suka fi cutarwa; gubar dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, lokacin da ake niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Abin da aka tabbatar ya mutu, a sayar da shi a kilo yadda yake, ba tare da an fasa ba.