Amsa ga ɗan'uwan da ke son noma doya a Maradi

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce kana da gona a jigawa wajen Tibiri, kana son ka zuba mata doya bana tunda ta yi tsada a kasuwa. Na taɓa bin wannan hanyar, shi ya sa ban iya yin shiru ba.

Tsadar nan ni ma ita ta ja ni. Lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, doya ta yi wuyar samu, na ce me zai hana mu noma tamu? Na sa aka kawo mani iri, na yi tulin ƙasa, na yanka, na shafa toka, na binne, na kafa sanduna don ta hau. Ganye ya yi kyau ƙwarai, har maƙwabta na zuwa kallo. Ranar tono kuwa, wadda ta fi girma ba ta wuce dunƙulen hannu ba, wasu kuma gara ta riga ni.

Matsalar ruwa ce. Doya na son wata bakwai zuwa tara a cikin ƙasa mai laima, da ruwan sama da ya kai milimita 1000 ko fiye. Daminarmu wata uku ce zuwa huɗu, abin da ke sauka bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba. Daidai lokacin da za ta fara ƙiba, ruwa ya ɗauke. Doyar da kake gani ana saukewa daga manyan motoci, daga Binuwai da Nasarawa da jihar Neja take fitowa, ta biyo Katsina da Jibiya ta shigo ta Ɗan Isa. Da a fadama kake, kana da injin ban ruwa, sai in ce gwada kunya biyu ka gani, amma kuɗin mai zai cinye ribar.

A jigawa, aya za ka sa. Je ka Agiye ko Cadawa ko Gazawa ka ga abin da mutane suka gina da kuɗin aya. Tana son rairayi, tana nuna cikin damina ɗaya, tana ajiyuwa a buhu har farashi ya tashi, 'yan Najeriya kuma su ke biyo ta saboda kunun aya. Amma kada in ɓoye maka, tana cin taki, kuma girbinta wahala ce: a ƙone ganye, a tone, a yi ta rairaye ƙasa cikin ƙura. Wannan ƙonawar na kashe gona. Kada ka maimaita ta a wuri ɗaya shekara biyu a jere, ka riƙa sauyawa da gero da wake, ka kai takin gida.

Idan ka samu gefen gulbi, to rogo da dankali. Dankali wata uku zuwa huɗu ya isa, sai dai ka riƙa rufe tsagewar kunya da ƙasa, don ta nan ƙwaro ke shiga ya sa shi ɗaci. Rogo na jure fari, amma yana kusan shekara a gona, yana nan tsaye lokacin da ake sakin dabbobi. In ba ka da shinge mai ƙarfi, awaki ka noma wa.

Don Allah kuma ka tabbatar da irin rogon kafin ka dasa. Mai ɗaci yana da guba, sai an fere shi, an jiƙa kwanaki ko an yi gari kafin a ci. Yaranmu sun saba tono su ci ɗanye, don haka ka karɓi itace daga hannun manomin da ka ci rogonsa da bakinka.