Bes marar ƙarafa: daga ina kukan ke fitowa?

Ɗana, ka ce ka sayi jitar bes ta hannu, irin wadda ba ta da ƙarafa a wuya, amma sautin da take ba ka dum-dum ne kawai, ba kukan nan mai buɗewa da kake ji a faifai ba. Ka kuma ce a sutudiyo ana ce maka kana zamewa daga kan fiyano. Tambayarka: amfilifaya za ka canza, kuma salon wa ya kamata ka kama?

Bar amfilifaya tukuna. Zare wayar amfilifaya, ka zauna inda ba hayaniya, ka danna tsirkiyar D wajen layi na 7, wato gurbin da ƙarfe na 7 zai zauna a wuya, ka kaɗa. In kukan bai fito a haka ba, babu akwatin da zai ƙirƙiro maka shi. A bes mai ƙarafa, tsirkiya na tsayawa a kan ƙarfe, ta tashi daga nan ba ta taɓa itace. A taka kuwa yatsa ne ke kwantar da ita a kan allon wuya, kuma dab da gaban yatsan tana karkarwa tana shafar itacen kaɗan-kaɗan. Wannan shafar ce ke sa sauti ya fara a rufe sannan ya buɗe kamar murya. In tsirkiya ta yi nisa da allo, shafar ta ɓace, sai dum. In ta kwanta da yawa, sai zizar banza, sautin ya mutu da wuri. Aikin duka neman tsakiya ne, kuma da milimita ake nemansa.

Fara da lanƙwasar wuya. Saita tsirkiyoyi a E, A, D, G yadda aka saba. Danna E a layi na farko da hannu ɗaya, ka danna ta da ɗaya hannun inda wuya ya haɗu da gangar jiki, wani ya zura maka fila-geji, ma'aunin tazara na makanikai, a layi na 7 ko na 8. A bes mai ƙarafa ana barin wajen milimita 0.3. A nan ka nemi 0.1 zuwa 0.2, wato wuya ya kusa miƙewa sarai. In tazarar ta fi haka, ka ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuya da alanki, kwatan zagaye kawai, ka sake saiti, ka bar ta ta kwana kafin ka ƙara. Ta yi tauri, kar ka yi mata ƙarfi. Sandar da ta karye sai an ɓamɓare allo kafin a kai gare ta.

Daga nan ka sauko kan jaki, inda tsirkiyoyi ke hawa a gangar jiki. A layi na 12, tsakanin ƙasan tsirkiya da allo, E ta zauna wajen milimita 2, G wajen 1.5, sauran biyun a tsakani. Ka riƙa saukarwa rabin zagaye rabin zagaye kana kaɗawa, har ka ji zizar ta fara yawa, sannan ka ɗan koma baya. Sai ƙashin sama, inda tsirkiyoyi ke hawa kafin su kai maɗauri. Nan ne mafi yawan bes ɗin da aka cire wa ƙarafa a gida suke da ciwo. An yanka ramukan ne da lissafin tsayin ƙarfe, wajen milimita 1, to an cire ƙarfen an bar ramin yadda yake. Sai ka ga F da F# suna wahalar dannawa, kuma kullum suna haurawa sama da inda ya kamata, domin dannawar na ƙara wa tsirkiya ɗauri. A zurfafa ramin da siririn magagari har ya rage katin waya mai kauri ba zai shiga ƙarƙashin tsirkiya ba, sai takarda biyu ko uku. A hankali, don abin da aka goge ba ya dawowa.

Tunda na ambaci cirarru: duba layukan wuyanka. In siririn itace aka cusa a ramukan aka manne, madalla. In garin katako ne da gam mai taushi, ko an bar su fayau, ja da tsirkiyoyi ke yi zai matse ramukan wuya ya riƙa lanƙwasowa gaba, ka yi ta ɗaure sanda ba ta isa. Gyaran shi ne a share ramukan, a cusa ɓawon itace mai kaurin milimita 0.5 zuwa 0.6, a ɗiga sufa gulu, a goge da samfefa 180, 240, 320 har 600, a kan katakon da ya bi lanƙwasar fuskar allon. Wanda ya goge da tafin hannu zai bar kwari da tudu, kuma ko tudun da ido ba ya gani zai kashe sauti biyu ko uku a wurin.

Tsirkiya iri uku ce. Mai kaushi, wadda aka naɗe da zagayayyar waya, ita ce mai kuka sosai da haske, amma tana cin itace. Mai santsi, wadda aka naɗe da shimfiɗaɗɗen ƙarfe, sautinta duhu ne mai kauri, kusa da na babban bes ɗin tsaye, kuma tana shekaru ba a canza ba, abin da ba ƙarami ba ne ga wanda sai ya yi aike Kano ko kasuwar Alaba ta Legas kafin ya samu saiti. Ta uku baƙa ce mai rigar leda, ta fi duka taushi da gajeren numfashi. In kukan kake so, ɗauki mai kaushi ta nikel, lamba 45 zuwa 105, ko 40 zuwa 100 in hannunka mai sauƙi ne. Ta ƙarfe marar tsatsa ta fi cizo, ta kuma fi saurin huda allo. Allon baƙin itacen eboni na jurewa. Jan itacen da aka fi sa wa masu araha yana nuna sawu cikin watanni. Shi ya sa wasu ke shafe allon da efoksi, wani gam mai yin tauri in ya bushe. Shafen na ƙara haske da tsawon numfashi, amma a garin nan na Sakkwato aiki ne mai wuya: zafi na sa shi ya kama kafin ka gama shimfiɗawa, ƙura kuma ta zauna a kai. In za a yi, da sassafe, a rufaffen ɗaki, shafe siriri sau da yawa. Gam ɗin minti biyar na kanti ba na wanga aiki ba ne.

Yanzu maido waya. In bes ɗin mai fikof biyu ce, wato na'urorin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, buɗe na kusa da jaki gaba ɗaya, ka rage na kusa da wuya zuwa kashi biyu cikin uku, maɓallin haske a rabi. A amfilifaya ka ɗaga tsakiya, wajen 700 zuwa 1000 Hz, ka rage can ƙasa kaɗan. Yara na son su cika ƙasa su kwashe tsakiya don ƙirji ya girgiza. A marar ƙarafa hakan kashe kai ne, domin kunne da tsakiyar yake gane ko kana kan sauti. Ka sani dai, fikof mai naɗi ɗaya in aka rage ɗan'uwansa yana jawo gurnanin wuta, ya fi muni kusa da janareta ko tsohuwar fitila. Juya jikinka har ka sami fuskar da ya lafa, ka kuma tabbata amfilifayar na da waya zuwa ƙasa.

Hannun dama ya fi duk maɓallan nan iko. Kusa da jaki, tsirkiya na da tauri, sauti ya fito gajere mai hanci, mai kyau ga gudu. A kan ƙarshen allo, da naman gefen yatsa, sai ya fito da faɗi da jan numfashi. Kuma kar ka doka. Ɗaga ƙarar amfilifaya ka sassauta yatsa. Bugu mai ƙarfi na fitar da kai ne ya cinye jela, alhali kukan a jelar yake. Makaɗin bes Ba'amurke Gary Willis ya gina salonsa kacokan a kan haka, har ya sa ɗan katako ƙarƙashin tsirkiyoyi don kar yatsa ya nutse.

Batun zamewa daga fiyano, wannan shi ne babba, don mai gayya zai yafe maka sauti marar daɗi amma mawaƙi ba zai yafe maka sauti karkatacce ba. Yatsa a kan layi yake sauka, ba bayansa ba kamar yadda ka saba. Sannan ka binciki ɗigon da ke gefen wuya. A wadda aka cire wa ƙarafa, ɗigon na tsakanin layuka, in ka bi shi kullum kana ƙasa. A wadda kamfani ya yi ba layi, galibi ɗigon na daidai kan sautin. Mutane da yawa sun sha wahala a kan wannan ba su san dalili ba.

Ga lissafin. Tsawon tsirkiya daga ƙashin sama zuwa jaki inci 34 ne, milimita 864. Daga E zuwa F milimita 48 da ɗoriya. Na'urar saiti ta raba wannan taki kashi 100, don haka kuskuren milimita ɗaya a can kashi 2 ne. A layi na 12 takin ya koma milimita 24, kuskuren ya ninka. Ka kauce da milimita 3, ka fita da kashi 12, kuma a dogon sauti tare da fiyano kowa zai ji. Kan yatsanka ya fi santimita ɗaya faɗi. Ma'ana, a sama ba a gyara da jan hannu, da mirgina yatsa ake yi. A ƙasa kuma, daga layi na 1 zuwa na 5, yi amfani da manuni, na tsakiya da ƙaramin yatsa su rufe taki uku. In ka ce kowane yatsa da takinsa, hannu zai gaji ya tsuke, ƙaramin ya riƙa faɗuwa ƙasa da layi.

Horon kunne: sa fiyano ya riƙe sauti ɗaya, misali A, ka bi matakan a hankali a kansa. In kun kusa haɗuwa za ka ji wata rawa, wa-wa-wa. Tana raguwa kana matsowa, ta tsaya in kun daidaita. Yi haka minti ashirin kullum, rabi ido buɗe, rabi a rufe. Ka naɗi kanka a waya ka saurara, domin lokacin da kake kaɗawa kunne na yi maka kara. Kar ka kafa ido kan na'urar saiti, ido za ta koyar ba kunne ba.

A nan kana da gatan da ɗan Turai ba shi da shi. Goge, kukuma, garaya, gurmi, molo, babu mai ƙarfe a wuya. Zauna kusa da mai goge ka ga yadda yake zamowa cikin sauti daga ƙasa kaɗan, yana bin hawa da saukar maganar mawaƙi. Matakansa biyar ba su zauna daidai inda fiyano ya ajiye nasa ba, kuma bes ɗinka na iya binsa inda mai ƙarafa ba zai iya ba. Dokar ita ce: in da fiyano a waƙar, shi ne liman, in goge ne da kalangu da murya, bi muryar. Ko a tsarin Turawa, mataki na uku babba ya fi daɗi in ya sauka da kashi 14 daga na fiyano, amma ka yi haka fiyano na riƙe da shi ka ji faɗa.

Masu salo kuwa, uku sun ishe ka nazari. Jaco Pastorius, Ba'amurken da ya shiga ƙungiyar Weather Report a 1976, ya cire ƙarafan bes ɗinsa Fender Jazz ƙirar 1962, ya shafe allon da efoksin jiragen ruwa, ya sa tsirkiya mai kaushi ta Rotosound, yana kaɗawa kusa da jaki. Sautin hancin nan da gajerun bugu masu matattun sautuka a tsakani nasa ne. Ba shi ya fara ba: kamfanin Ampeg ya fitar da marar ƙarafa a 1966, Fender a 1970. Pino Palladino, mutumin Wales, a shekarun 1980 ya yi amfani da bes ɗin Music Man StingRay da ƙaramin akwatin Boss OC-2 mai ƙara sauti na ƙasa. Nasa dogayen layuka ne masu amsa wa mawaƙi. Akwatin nan sauti ɗaya yake iya bi a lokaci guda, kuma yana rikicewa a can ƙasan E. Na ukun Bakithi Kumalo ne na Afirka ta Kudu, wanda duniya ta san shi a faifan mawaƙin Amurka Paul Simon na 1986: zamiya mai tsalle, wasa da sauti da ninkinsa na sama, amma ƙafarsa ba ta barin ganga.

In ra'ayina kake so, ga aikin da ake kira a Sakkwato, biki, coci, bariki ko sutudiyon waƙar Hausa, Kumalo ya fi amfani gare ka, Pino na biye. Salon Jaco na cika wuri, kuma waƙarmu kalangu da murya sun riga sun cika tsakiyar. Sautin da na fi so shi ne fikof biyu kusan a buɗe, yatsa a ƙarshen allo, tsirkiyar nikel da ta ɗan tsufa, babu akwatin ninka sauti. Wancan akwatin na ɓoye karkata ne, ba ya gyara ta. Zamiya kuma gishiri ce: ɗaya ko biyu a baiti, zuwa sautin da ka riga ka san inda yake. Girgiza sauti a yi ta a tsawon tsirkiya, gaba da baya, ba ja gefe ba. Jan gefe ne ke sassaƙa allo, kuma sama kawai yake kai sauti. Ka fara sauka daidai, ka riƙe, sannan ka girgiza. Mari da babban yatsa bar wa mai ƙarafa, ƙarar marin daga ƙarfen take.

Saitin da ka yi yau ba zai kai shekara ba. Wuya na motsi in hunturu ya shigo a Nuwamba, ya sake motsi in damina ta sauka a Yuni, kuma da tazarar 0.1 ko ɗan motsi ana jin sa. Ka auna a waɗannan lokutan biyu. Eboni na tsagewa a bushewar iska, don haka shafa masa ɗigo uku ko huɗu na man ma'adinai marar ƙamshi a farkon hunturu, ka goge bayan minti goma. Ba man gyaɗa ba, yana yin ɗoyi ya yi danƙo. Allon da aka yi wa efoksi ko fenti ba ya son mai, tsumma kawai. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, kar ta zauna a but ɗin mota ko jikin bangon da rana ke duka. Goge allo da tsirkiyoyi bayan kowane wasa, domin ƙurar da ta maƙale ƙarƙashin tsirkiya tana cin itace fiye da tsirkiyar kanta. In maɓalli ya fara ƙarar ƙas-ƙas, ƙura ce. A fesa masa maganin wanke na'ura a murɗa sau da yawa, kar a zuba man keke.