Za mu Roma da Hajiya, a wace unguwa za mu sauka?

Salam Anti, dan Allah ki ba ni shawara. Za ni Roma ƙasar Italiya kwana 4 ni da Hajiyarmu, ita kuma gwiwa na damunta, ƴar ƙawata ta ce lallai sai Trastevere wai nan ne gayu, ni kuma farashin otal ɗin kusa da tashar Termini ya fi min sauƙi. Ya zan yi?
Maman Hanifa, Unguwar Rimi, Kaduna

Wa alaikissalam Maman Hanifa, a gaida Hajiya, Allah ƙara mata lafiya.

Trastevere fa a hoto ba ta da na biyu, amma ƴar ƙawarki yarinya ce, ke kuma da tsohuwa za ki. Titunan duk ƙananan duwatsu ne aka jera, ko akwati ka ja sai ka gane kurenka balle mai ciwon gwiwa, jirgin ƙarƙashin ƙasa ma bai shiga can sai taragon kan titi mai lamba 8, da dare kuma mashaya ne ko ina ana hayaniya har tsakar dare. Ku je yawo da rana ku dawo kawai.

Ni dai na ce ki kama gefen Termini, ɓangaren Esquilino ko Monti. Daga filin jirgi na Fiumicino akwai jirgin ƙasa mai suna Leonardo Express, minti 32 kina Termini, kuma a nan layin A da B na jirgin ƙarƙashin ƙasa suka haɗu, A ya kai ki wajen Batikan, B tasha biyu kin isa Kolosiyam, tsohon filin wasan Romawa. Sai maganar ciki, wadda ita ce za ta fi damun Hajiya wallahi, kusa da dandalin Piazza Vittorio akwai kasuwar Esquilino, naman halal, attaruhu, shinkafa, kuɓewa, ga gidajen abincin ƴan Bangladash birjik. Amma kar in ɓoye miki, bakin tashar kansa da dare kamar tashar Kawo yake, ki matsa ciki kaɗan wajen cocin Santa Maria Maggiore, kuma jaka a gaba take zama ba a baya ba, musamman a bas mai lamba 64, ƴan sane sun san baƙo.

In kuɗi ya yarda unguwar Prati ta fi shiru, tituna masu faɗi, ofishin jakadancin Najeriya ma can yake.

Kafin ki biya ki tambayi masu otal ɗin ko akwai lif, da yawa gidajen tsofaffi ne matakala zalla, kuma harajin kwana daban ake karɓa kan kowane mutum. Juma'a kuma babban masallacin Roma da aka buɗe a 1995 yana can arewa wajen Parioli, da nisa, ranar ku ɗauki tasi kawai saboda Hajiya.