Tambayi Likita: Yara, lilo da sandar awon tsawo a wuraren wasa

Yawancin saƙonnin wannan karon a kan wuraren wasan yara suka zo, musamman lilo masu aiki da inji. Na haɗa masu kama da juna na amsa su tare.

Tambaya: Likita, jaririna yana da wata takwas. Zan iya hawa lilon dawakai mai zagayawa a hankali da shi? Daga wata uwa.

Amsa: Idan masu wurin sun amince, ki zauna a bencin da ba ya hawa da sauka, ki rungume shi a ƙirjinki. Kada ki ɗora shi a kan dokin. Duk lilon da ke fizga ko jijjiga ba na jariri ba ne, wuyansa bai yi ƙwari ba.

Tambaya: Ɗana shekararsa biyar, kuma ba ya tsoron komai. An auna shi a ƙofar jirgin lilo, mai gudu a kan layin ƙarfe mai tudu da gangare, aka ce saura santimita uku ya kai. Abokina ya ce in cusa masa takarda a takalmi, ko in lallaɓi mai tsaron ƙofa tunda ni zan zauna kusa da shi in riƙe shi. Santimita uku har wani abu ne? Daga wani uba.

Amsa: Malam, a duk saƙonnin nan naka ne ya fi tayar mini da hankali, domin na san ba kai kaɗai ke wannan tunani ba. Kada ka yi ko ɗaya daga cikin biyun. Bari in yi maka bayani dalla-dalla.

Sandar nan da ke bakin ƙofa ba jarumtar yaro take aunawa ba. Kamfanin da ya ƙera lilon ne ke yanke tsawon, bisa girman kujera da ƙarfen da ke riƙe mutum a cikinta. Shi ya sa manyan jiragen lilo da yawa suke neman santimita 122, masu tsananin juyi 137, ƙananan kuwa 91 ko 107. Daga wannan tsawon zuwa sama ne ƙarfen yake kama jiki yadda aka tsara shi.

Ka zaunar da yaronka a kujerar manya a gida ka duba. In ya jingina sosai, gwiwarsa ba za ta kai bakin kujerar ta lanƙwashe ba, ƙafafunsa a miƙe za su tsaya. Don ya ji daɗin zama sai ya zamo gaba, bayansa ya rabu da majingina. A cikin lilo, wannan zamowar ce ke sa ƙarfen da ya kamata ya danne cinya ya koma kan ciki, ko ya bar sarari tsakaninsa da jiki. Ƙashin ƙugun ƙaramin yaro bai gama ginuwa ba balle ya tare ƙarfen, don haka in aka ci birki da ƙarfi, hanji da hanta da saifa ne ke shan bugun. In kuma akwai sarari, yaro yana iya sulalewa ta ƙasa ko ta gefe. To takardar da aka cusa a takalmi, me ta ƙara masa bayan ya zauna? Dugadugansa kawai ta ɗaga lokacin awo. Cinyarsa da gangar jikinsa suna nan yadda suke.

Ga kuma kai da wuya. Kan jariri kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawon jikinsa, na babba kuwa kusan ɗaya cikin takwas. Ɗan shekara biyar yana tsakani, kai mai nauyi a kan siririn wuya, kuma in aka fizge shi kan ne ke fara tafiya. A lilon da ake sauke wa mutum ƙarfe ta kafaɗa, wanda bai kai tsawo ba kansa yana faɗawa tsakanin ƙarafan biyu, yana buguwa hagu da dama. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2013 ya duba shekarun 1990 zuwa 2010, ya gano yara fiye da 4,400 ake kaiwa sashen gaggawa duk shekara saboda raunin lilo, kuma kai da wuya ne suka fi ko'ina samun rauni.

Maganar "zan riƙe shi" ita ce ta fi ruɗar iyaye, domin daga ƙauna take fitowa. A wasu kwanoni jirgin lilo yana danna mutum da ƙarfin da ya ninka nauyinsa sau uku ko huɗu. Yaro mai kilo 18 yana iya zama kamar kilo 72 a hannunka cikin ƙiftawar ido, alhali kai ma ana wujijjiga ka. A saman tudu kuma abin juyawa yake yi, ya ɗaga mutum daga kujera. Babu hannun uban da zai iya wannan aikin.

A 2021, a jihar Kolorado ta Amurka, wata yarinya 'yar shekara shida ta rasu a lilon da ke sakin mutane daga sama zuwa ƙasa. Binciken hukuma ya nuna a kan bel ɗin take zaune, ba a ɗaura mata shi ba. Na kawo wannan ne don ka san inda ya kamata ka sa ido: ko a lilon da ɗanka ya kai tsawonsa, ka duba da kanka an ɗaura masa, ka ja ka ji ya kama, kafin inji ya tashi. Wanda ya hana yaron hawa kuwa aikinsa ya yi, kada ka ci masa mutunci. Yaron yana kallonka. In ya ga babansa yana yi wa doka wayo, gobe in aka ce kada ya miƙe tsaye ko ya fito da hannu, shi ma zai gwada nasa. Yara a wannan shekarun suna ƙara kamar santimita biyar zuwa shida a shekara, saboda haka nan da kusan wata shida zai kai da kansa.

Tambaya: Yarana suna amai da kuka in sun hau lilo. Maƙwabciyata ta ce in ba su maganin tari ko Phenergan kafin mu fita, su natsu. Ƙaramar ba ta cika shekara biyu ba. Daga wata uwa.

Amsa: Haba 'yar'uwa! Don Allah kada ki kuskura. Wannan shawara tana ɓata mini rai duk lokacin da na ji ta. An hana ba wa yaron da bai kai shekara biyu ba Phenergan, maganin amai mai sa barci, domin yana iya danne numfashi har yaro ya rasu cikin barci. Maganin tari mai kodin kuwa ba a ba ɗan ƙasa da shekara 12. Kuma yaron da ke gyangyaɗi ba ya iya riƙe kansa a kujera, kin ga an haɗa haɗari biyu ke nan. Jiri da amai suna zuwa ne in abin da ido ke gani ya saɓa da abin da cikin kunne ke ji, kuma sun fi kama yara daga shekara biyu zuwa 12. Ki kauce wa lilo masu zagaye, kada su hau da cikakken ciki, su sha ruwa su huta a inuwa. In an riga an ba yaro irin wannan magani, kika ga yana wuyar tashi ko numfashinsa ya ragu, ki garzaya asibiti nan take.

Tambaya: Ɗiyata ta buga goshi a ƙaramar motar karo ta wurin wasa, wurin ya kumbura. An ce in gasa mata da ruwan zafi in murza. Daga wata uwa.

Amsa: Ba a gasa sabon kumburi, ba a murza shi, ƙara shi ake yi. Ki naɗe ƙanƙara a tsumma ki ɗora kamar minti goma zuwa ashirin. In tana jin ciwo ki ba ta farasitamol daidai nauyinta, ban da asfirin. Ki sa mata ido kwana biyu. In ta suma ko da na ɗan lokaci ne, ko tana amai fiye da sau ɗaya, ko barci ya yi mata nauyi, ko ta yi jijjiga, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko tafiyarta da maganarta sun canza, ko ruwa yana fita ta hanci ko kunne, asibiti za ki kai ta a lokacin, ko da tsakar dare ne. Kada ƙanƙantar kumburin ta ruɗe ki.

Tambaya: Na ja ɗana ɗan shekara biyu ta hannu a cikin cunkoson layi. Tun daga nan ya saki hannun, ba ya yarda a taɓa. Daga wani uba.

Amsa: Da alama gwiwar hannun ce ta ɗan goce, abin da ke yawan samun yara daga shekara ɗaya zuwa huɗu in an fizge su. Likita yana mayar da ita cikin ɗan lokaci, amma sai ya tabbatar ba karaya ba ce. Kada kowa ya ja hannun a gida. Ka kai shi yau, kuma nan gaba ta ƙarƙashin hammata ake ɗaga yaro.

Tambaya: Zan iya ɗora ƙaramin yaro a cinyata mu sauko a abin zamiya tare? Daga wata uwa.

Amsa: A'a. Takalminsa yana maƙalewa a gefe, nauyinki ya ci gaba da tura shi, ƙashin ƙaurinsa ya karye. Ya sauko shi kaɗai a ƙaramin, ki tsaya a ƙasa ki tarbe shi.

Tambaya: Ɗana ya kai tsawon amma yana kuka ba ya son hawa. In tilasta masa don tsoron ya fita? Daga wani uba.

Amsa: Ka ƙyale shi, Malam. Yaron da ya firgita ƙoƙarin fita yake yi yayin da lilo ke gudu, kuma nan ne ake samun faɗuwa. Ya fara da ƙanana, ya kalli sa'o'insa suna hawa, ranar da ya shirya shi zai ce maka. In kuma yana da farfaɗiya, ciwon zuciya, ko an yi masa aiki kwanan nan, ka ga likitansa kafin ya hau kowane lilo mai gudu.