Ina so in shiga gasar talabijin, amma matata ta mayar da ni abin dariya

Assalamu alaikum, Anti. Ni malamin firamare ne a Zariya, ina da mata ɗaya da 'ya'ya uku, kuma abin da ya sa na rubuto miki shi ne rashin goyon bayan da nake fama da shi a gidana. Tun ina sakandare nake kallon shirin kacici-kacici na Who Wants to Be a Millionaire, wanda Frank Edoho ya gabatar, kuma sau da yawa kafin wanda ke kan kujera ya gama dogon tunaninsa na riga na faɗi amsa. Da aka dawo da shirin a 2022, babbar kyautar ta koma naira miliyan 20, sai na ƙudura a raina cewa ni ma sai na zauna a kujerar nan. Ina da wani littafi da na cika da manyan biranen ƙasashe da shekarun mulkin shugabannin Najeriya tun daga 1960, kuma kullum bayan sallar isha'i sai na yi bita.

Maimakon ta ƙarfafa mini gwiwa, matata dariya take yi. Idan ta kawo abinci sai ta ce, "Alhaji Miliyoniya, ga tuwo," har yara sun fara kwaikwayonta. Ta kai maganar gidansu, yanzu ƙannenta ma idan mun haɗu sai su tambaye ni yaushe za a raba kuɗin. Anti, don wa nake wannan wahala in ba don su ba? Gidan haya muke, albashi ba ya kai mu ƙarshen wata. Tun da na ɗauki kuɗin adashenta na tura wa wani bawan Allah da ya ce zai shigar da sunana a Legas, ko gaisuwar kirki ba ta yi mini. Ban ce ta yi mini bita ba, ban ce ta raka ni ba, addu'a kawai nake so da ɗan mutunci a gaban 'ya'yana. Ashe laifi ne mutum ya yi buri? Ta yaya zan sa ta daina raina ni?

Malami daga Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Ba ɗabi'ata ba ce in yanke hukunci ban ji daga ɗaya ɓangaren ba, kuma ban goyi bayan mace ta yi wa mijinta ba'a a gaban 'ya'yansa ba. Amma akwai wata magana da ka ambata a gurguje ka wuce, alhali ita ce tushen rigimar: ka ce ka "ɗauki" kuɗin adashenta. Ba ka ce ta ba ka ba, ba ka ce ta ranta maka ba, ba ka ma faɗi nawa ne ba. Macen da ta yi watanni tana zubi daga ɗan abin da take samu, tana lissafin ranar kwasarta da abin da za ta yi da kuɗin, sannan ta wayi gari sun tafi asusun mutumin da ba ta taɓa gani ba, idan iyakar fushinta "Alhaji Miliyoniya" ne, to ka gode wa Allah da ya ba ka mai haƙuri. A shari'a dukiyar mace tata ce, kuma aure bai halatta wa miji taɓa ta ba sai da yardarta.

Shi kuwa bawan Allahn naka, ban ga alamar komai a tattare da shi ba sai damfara. Masu shirya irin waɗannan gasa a fili suke sanar da hanyar shiga, su ne kuma suke tace mutane da kansu. Ina jan kunnen masu karatu gaba ɗaya, domin wasiƙu irin wannan sun yi yawa: yau gurbin gasa, gobe takardar ɗaukar aiki, jibi kujerar Makka, duk a hannun wani da aka haɗu da shi a waya. Wanda ya nemi kuɗi a asusun kansa don ya "shigar da suna", cinikin biri a sama yake yi da ku.

Burinka ba laifi ba ne, kuma bitar da kake yi za ta amfani ɗalibanka ko ba ka je Legas ba. Sai dai ka auna shi da hankali. An fara shirin a Najeriya a 2004, amma sai a 2009 aka samu wanda ya amsa tambayoyin shirin guda 15 duka, wato Aroma Ufodike, ya tafi da naira miliyan 10 na wancan lokacin. Faɗin amsa a kan tabarmar gida daban yake da faɗinta fitilu na haska mutum, jama'a sun zuba masa ido. Ba a ɗora kuɗin haya a kan irin wannan.

Ka zaunar da ita bayan yara sun yi barci, ka faɗa mata adadin da ka tura, ka ba ta haƙuri, ku yanke abin da za ka riƙa biyanta duk wata daga albashinka. Ka adana shaidar turawar da saƙonnin da kuka yi da mutumin, ka kai ƙorafi bankinka da ofishin EFCC, kuma idan ya sake kira yana neman cikon wani kuɗi, kada ka tura masa ko sisi.

Anti