Filin Tambaya da Amsa: Mutuwar da Ba Ta Ƙarewa a Nuclear Throne

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan ina buga Nuclear Throne a kwamfuta, amma har yau ban wuce bolar tsofaffin motoci ba, kuma duk lokacin da aka kashe ni sai wasan ya mayar da ni farko, bindigogina duk sun tafi. Shin akwai hanyar ci gaba daga inda na faɗi, ko kuwa ni ne ban iya ba?
Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Babu hanyar komawa inda aka kashe ka, kuma da gangan aka gina wasan haka. Ya gaji wannan ɗabi'a ne daga Rogue, wani wasan kwamfuta na 1980, inda mutuwa ɗaya ke shafe tafiyar gaba ɗaya, sannan a sake zana filin daga ta wata siga dabam. Kamfanin Vlambeer na ƙasar Holan, wanda ya fitar da Nuclear Throne a 2015, ya ɗora wannan tsari a kan wasan harbi da ake kallo daga sama, cikin duniyar da makaman nukiliya suka ragargaza. Saboda haka, ban da 'yan abubuwa kamar jaruman da ka buɗe da bindigogin zinariya, abin da kake tafiya da shi zuwa sabon zagaye shi ne abin da idonka da hannunka suka koya.

Ban ga laifinka ba da ka maƙale a bolar nan, domin ita ce yanki na uku, kuma a nan ne wasan yake fara hukunta gaggawa. A hamadar farko kana iya kutsawa tsakiyar 'yan fashi ka fita da ranka, amma a bola akwai maharba daga nesa, akwai hankakin da ke dira a bayanka, ga kuma motocin da ke fashewa idan harsashi ya same su. Yawancin jarumai rai takwas kawai suke da shi, wato maki takwas a ma'aunin lafiyarsu, kuma fashewar mota ɗaya tana iya cinye shi. Shawarata ita ce ka harbe kowace mota tun daga nesa, sannan ka laɓe a bakin lungu ka bar abokan gaba su zo maka ɗaya bayan ɗaya. Idan ka ga siririn layin haske ya sauka a kanka, maharbi ne ya auna ka, sai ka koma bayan bango kafin ka yi tunanin ramawa.

Abin da na fi ganin yana halaka sababbin 'yan wasa shi ne kwaɗayin korayen ƙwayoyin nan da gawarwaki ke zubarwa. Gaskiya ne su ke ɗaga matsayinka har a ba ka zaɓi ɗaya cikin baiwa huɗu, kuma suna ɓacewa idan ka jinkirta, amma ƙwaya goma ba su kai rabin ranka ba. Idan zaɓin ya zo, ka ɗauki baiwar Rhino Skin duk inda ka gan ta, domin tana ƙara maka rai huɗu.

Ina kuma ba ka shawarar ka koma kan Crystal, ɗaya daga cikin jaruman wasan, na ɗan lokaci, tunda ranta goma ne kuma tana da garkuwar da ke tare harsasai. Makami biyu kawai ake riƙewa, don haka kada su zama masu cin harsashi iri ɗaya. Ni dai na fi son ɗayan ya kasance shebur ko sifana, saboda ba sa ƙarewa kuma suna mayar da harsashi kan wanda ya harbo shi. Da ka kai Big Dog, babban abokin gaban da ke ƙarshen bolar, ka tsaya nesa da shi ko bayan ya faɗi, domin fashewa yake yi idan ya mutu.